Ƙetare Tekun Atlantika da rana ko da dare: Lissafin matafiyin Agadez kafin ya yanki tikiti

Duk wanda ya tashi daga Agadez zuwa Amurka ko Kanada da niyyar dawowa gida zai ƙetare Tekun Atlantika sau biyu. A zuwa, galibi da rana jirgi ke ratsa tekun da shi. A dawowa kuwa, akasarin jiragen da yamma ko da dare suke tashi, su wayi gari a Turai ko Afirka. 'Yan tsirarun jirage ne ke yin dawowar da rana, kuma su ne masu yawan tafiye-tafiye ke yabawa, domin suna sauke mutum da daddare ya je ya kwana a gado maimakon kujera.

Sai dai masu wannan yabo yawancinsu mazauna Landan ne ko New York, waɗanda daga filin jirgi sai gida. Ga ɗan Agadez, ƙetare tekun awa 7 ko 8 ne kacal a cikin tafiyar kwana biyu zuwa uku. Saboda haka abin da ya fi shafarsa shi ne dare nawa zai yi bai kwanta ba, daga ƙofar gidan da ya baro zuwa ƙofar gidan da ya nufa.

Masu bin wannan hanya

An fi sanin Agadez da masu nufar arewa ta cikin hamada, amma akwai kuma waɗanda hanyarsu ke yamma, ta sama. Maƙeran azurfa na garin, irin su iyalan Koumama, sun sha kai kayansu kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta Santa Fe da ke jihar New Mexico, wadda ake ci a watan Yuli. Makaɗan jita irin su Bombino da ƙungiyar Etran de L'Aïr sun zagaya biranen Amurka da wasa. Ga kuma 'yan Nijar mazauna New York da Greensboro da Harrisburg da Montreal, masu zuwa gida hutu ko biki ko ta'aziyya, da iyayen da 'ya'yansu ke gayyata.

Ƙofar Amurka ta ƙara tsukewa ga sabbin matafiya. A Disambar 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta saka Nijar cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu biza, matakin da ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. Masu katin zama na dindindin da masu tafiya da fasfon wata ƙasar da dokar ba ta shafa ba suna cikin waɗanda aka keɓe. Wannan ya sa zaɓin jirgin rana ko na dare ya fi shafar mazauna ƙetare masu zuwa gida su koma, wato mutanen da ake ƙirga musu kwanakin hutu a wurin aiki.

Tafiyar tana farawa tun kafin teku

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga filin jirgin sama na Mano Dayak da ke Agadez kai-tsaye zuwa nahiyar Amurka. Zangon farko shi ne Yamai, mai nisan kimanin kilomita 950 ta Abalak da Tawa da Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso. Wanda bai samu jirgin cikin gida ba sai ya shiga bas na kamfanoni irin su Rimbo ko SONEF, ya wuni a hanya har dare ya same shi.

Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai ma babu jirgin da ke ƙetare tekun kai-tsaye. A da, da yawa ta Paris suke bi. Kamfanin Air France ya daina zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan a Satumbar shekarar hukumomin Nijar suka rufe wa jiragen Faransa sararin samaniyar ƙasar. Manyan hanyoyin da suka rage su ne Kasablanka da Royal Air Maroc, da Istanbul da Turkish Airlines, da kuma Lome ko Adis Ababa da ASKY da Ethiopian Airlines.

Da yawa daga cikin jiragen da ke barin Yamai zuwa waje tsakar dare ko goshin asuba suke tashi. Ke nan wanda ya shigo Yamai da daddare ya wuce filin jirgi, kafin ya ga Tekun Atlantika ya riga ya yi wuni guda a kujerar bas da dare guda a kujerar ɗakin jira da ta jirgi.

Me ya sa zuwa da rana, dawowa da dare?

Dalili na farko agogo ne. Nijar tana gaban New York da awa 6 daga Nuwamba zuwa Maris, da awa 5 a sauran shekara idan Amurka ta matsar da agogonta. Mai zuwa yamma yana bin rana ne, don haka awannin suna dawo masa. Jirgin da ya bar Kasablanka da ƙarfe 3 na rana ya yi awa 8 a sama, misali, zai sauka New York da yammacin ranar. Mai dawowa gabas kuwa awannin ake cire masa: awa 7 a sama da awa 5 na bambancin lokaci sun zama awa 12 a fuskar agogo.

Dalili na biyu iska ce. A can sama, inda manyan jirage ke bi, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda a lokacin sanyi takan haura gudun kilomita 200 a awa. Tana tura jirgin da ya nufi gabas, tana kuma danne wanda ya nufi yamma. Shi ya sa dawowa ta fi zuwa sauri da kusan awa guda. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56.

Dalili na uku kasuwanci ne. Jirgin da ke fake a ƙasa ba ya kawo kuɗi. Idan ya bar Turai ko Maroko da rana, ya sauka Amurka da yamma, ya juyo da dare, ya wayi gari a gida, ya yi zuwa da dawowa a cikin awa 24. Saukar safe kuma tana bai wa fasinjoji damar kama wasu jiragen zuwa garuruwansu. Har cibiyoyin da ke tsara hanyoyin jirage a arewacin tekun sun bi wannan tsari: ta Gander da ke Kanada tana shata hanyoyin dare na masu zuwa gabas, ta Shanwick da ke ɓangaren Birtaniya da Ireland tana shata na rana na masu zuwa yamma.

Jiragen da suka saɓa wa wannan tsari sun fi yawa ne daga biranen gabar gabashin Amurka, irin su New York da Newark da Boston, zuwa Landan. Suna tashi da misalin ƙarfe 8 ko 9 na safe su sauka da misalin 8 ko 9 na dare.

Abin da jirgin rana ke sawwaƙe wa jiki

Babban amfaninsa barci ne. A jirgin dare daga New York, ana raba abinci a awa biyun farko, a tashi mutane karin kumallo awa guda ko fiye kafin sauka. Abin da ya rage wa mai ƙaramar kujera bai wuce awa 3 zuwa 4 ba, shi ma a zaune, idan har barcin ya zo. Jirgin ya sauka da ƙarfe 8 na safe alhali a jikin fasinjan ƙarfe 3 na dare ne, ga wuni guda yana jiransa. Wanda ya yi tafiyar da rana kuwa bai rasa darensa ba. Ya sauka a gajiye, ya kwanta, ya tashi da mutanen gari.

Wannan yana da muhimmanci saboda jikin ɗan Adam yana da nasa agogon da ke tsara barci da yunwa da kuzari, kuma ba ya juyawa nan take. Likitoci kan ƙiyasta kusan kwana guda ga kowace awa ta bambancin lokaci, kuma tafiya gabas ta fi ta yamma wahalar sabawa, domin tsawaita wuni ya fi gajarta shi sauƙi a jiki. Mai hutun mako biyu da ya shafe kwana biyar yana gyangyaɗi da rana yana ido biyu da dare ya yi asarar kaso mai tsoka na hutunsa.

Amfani na biyu motsi ne. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa yana ninkawa biyu bayan zaman tafiya na awa 4 ko fiye, ko da yake a jimlace haɗarin kaɗan ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. Binciken ya shafi zaman bas da na mota kamar yadda ya shafi na jirgi, kuma ɗan Agadez yana haɗa su duka a jere. A jirgin rana mutum yana farke, yana iya miƙewa ya taka, ya sha ruwa, ya shiga bayi ba tare da jin nauyin tayar da maƙwabcinsa daga barci ba. Dattawa da masu juna biyu da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ne suka fi buƙatar wannan, kuma ya kamata su ga likita kafin doguwar tafiya.

Iskar cikin jirgi ma tana da tata gajiyar. Ana daidaita ta ne kamar ta wurin da ke da tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 daga doron teku, wato kusan kamar mutum ya zauna a ƙololuwar Idoukal-n-Taghès a tsaunukan Bagzan, mai mita 2,022. Ga ta a bushe kamar ta tsakiyar hunturu. Wanda ke farke ya fi mai barci tunawa da shan ruwa.

Akwai kuma batun yanayi. Wani bincike na Jami'ar Reading da ke Ingila da aka wallafa a 2006 ya gano cewa farin layin da jirage ke bari a sama ya fi ɗumama duniya da dare, saboda yana tare zafin da ke tashi daga ƙasa, alhali da rana yana mayar da wani ɓangare na hasken rana.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar farko ita ce sauyin jirgi. Jirgin ranar da ya sauke fasinja a Landan da ƙarfe 8 na dare ya kawo shi ne lokacin da yawancin jiragen ranar suka riga suka tafi, kuma filin Heathrow yana da takunkumi a kan tashi da saukar jirage daga 11:30 na dare zuwa 6 na safe. Babu jirgin da ke zuwa Yamai kai-tsaye daga Landan. Gadon da ake yabon jirgin rana da shi ya zama gadon otal da za a biya da fam, kuma fita daga filin jirgin zuwa otal yana iya buƙatar bizar Birtaniya ga mai fasfon Nijar. Wanda ba shi da ita zai kwana ne a kan benci, abin da ya gudu daga gare shi tun farko.

Ta biyu ita ce sammako. Jirgin ƙarfe 8 na safe yana buƙatar fasinja ya isa filin jirgi tun misalin ƙarfe 5, wato mazaunin Bronx ya tashi ƙarfe 3 na dare. Mazaunin Greensboro kuwa da wuya ya samu jirgin da zai kawo shi New York a kan lokaci, sai ya zo tun jiya ya nemi wurin kwana.

Ta uku ita ce ranar da ke tafiya. Da yawa daga cikin 'yan Nijar mazauna Amurka ana biyansu ne bisa awannin da suka yi aiki. Mai jirgin dare yana iya tashi daga aiki ranar Juma'a da yamma ya wuce filin jirgi, ya wayi gari Asabar a Afirka. Mai jirgin rana sai ya jira safiyar Asabar, ya isa da daren Asabar. Ga wanda aka kira saboda rashin lafiyar mahaifi, waɗannan awanni 12 ba abin wasa ba ne.

Masu ƙananan yara ma suna da nasu lissafin. Yaron da zai yi barci a jirgin dare, a na rana zai yi awa 8 ido biyu a ɗaure a kujera.

Ita kanta tafiyar rana ta zuwa yamma, wadda ba a cika samun zaɓi a kanta ba, tana da tarkonta. Jiragen Turai da Afirka suna sauka New York ne kusan a tare daga la'asar zuwa magariba, lokacin da layin jami'an shige da fice ya fi tsawo. Dokar Amurka kuma ta tanadi fasinja ya bi ta hannun waɗannan jami'ai da na kwastan a filin da ya fara sauka, ya ɗauki kayansa ya sake miƙa su, kafin ya shiga jirgin cikin gida. Wanda ya bar awa ɗaya da rabi kacal tsakanin jiragen biyu yana iya tarar da jirgin ƙarshe na garinsu ya tashi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Sallah da azumi a sararin sama

Ga matafiyi Musulmi, rana da dare ba batun barci kaɗai ba ne. Mai zuwa yamma da rana yana bin rana a baya, don haka faɗuwarta tana jinkiri. Wanda ya yi sahur a Yamai ya sha ruwa a New York ya ƙara kimanin awa 5 a kan azuminsa, wato azumin awa 13 ko 14 ya koma na 18 ko 19, a cikin busasshiyar iska. Abin da malamai suka tafi a kai shi ne mai azumi a jirgi yana buɗe baki ne idan rana ta faɗi a inda yake, ko da agogon garin da ya baro ya nuna an daɗe da shan ruwa. Shari'a ta kuma yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.

A jirgin rana mai dawowa gabas abin juyawa yake yi. Wunin yana gajarta da kusan awa 5, azumi ya zo da sauƙi, amma lokutan sallah su matso kusa da juna. A lokacin sanyi, Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya shiga kafin jirgi ya sauka. A jirgin dare kuwa Asuba ce ke saurin riskar mutum yana tsaka da barci. Wasu kamfanonin suna nuna alƙibla a allon da ke gaban kujera. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli abu ne da ya dace matafiyi ya tambayi malaminsa tun yana gida.

Masu bi ta Kasablanka su lura da wani abu: agogon Maroko ba kullum yake ɗaya da na Nijar ba. Lokutan da ke kan tikiti kuma kullum na garin da jirgin zai tashi ne ko zai sauka.

A ƙirga dare, a bar ƙirga awa

A ɗauki misalin mai dawowa daga New York zuwa Agadez ta Kasablanka a jirgin dare. Daren farko a kan teku yake. Ya sauka da safe ya wuni yana jira, domin jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma daga can galibi da dare suke tashi. Dare na biyu ya raba shi tsakanin jirgi da filin Diori Hamani. Idan daga nan ya wuce tasha don kama bas ɗin asuba, zai isa Agadez bayan dare biyu da wuni biyu bai miƙe bayansa ba.

Idan kuma ya ƙetare tekun da rana ya kwana a zango, ya ƙara wa tafiyar tsawo da kuɗin masauki, amma ya raba gajiyar gida biyu. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan yana da izinin fita daga filin jirgin da kuɗin ɗaki. In babu ɗaya daga cikinsu, jirgin ranar bai ƙara masa komai ba.

Akwai hanya ta uku da ta fi sauƙin samuwa ga mafi yawan mutane: a bar tekun yadda kamfani ya tsara shi, a gyara zangon da ke hannun matafiyi. A zuwa, a iso Yamai da kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tashi, wanda kuma kariya ce idan bas ya lalace ko hanya ta yi tsaiko. A dawowa, a kwana a Yamai wurin dangi kafin a kama hanyar Tawa. Wasu kamfanoni, ciki har da Turkish Airlines da Ethiopian Airlines, suna da tsarin bai wa fasinja masauki idan jiran sauyin jirgi ya yi tsawo, bisa sharuɗɗan da suka gindaya, kuma sai wanda ya tambaya ke amfana.

Jadawalin jirage yana sauyawa tsakanin lokacin zafi da na sanyi, don haka kafin a biya kuɗi yana da kyau a sa mai sayar da tikiti ya rubuta lokacin tashi da na sauka na kowane zango, da tsawon kowane jira, da ko zangon yana buƙatar biza. A kuma tabbatar duk zangunan suna kan tikiti ɗaya. Idan haka ne kuma jirgin farko ya makara, kamfani ne ke da alhakin nemo wani. Idan tikiti biyu aka haɗa don neman sauƙi, wanda ya rasa jirgi na biyu shi zai sake biya daga aljihunsa. Araha dai ba ta ado.

Ga matashin da ke iya barci a kujera kuma kwanakin hutunsa a ƙirge suke, jirgin dare ya fi dacewa da shi. Ga dattijo, ko mai fama da ciwon ƙafa ko na baya, ko wanda zai shiga aiki washegarin saukarsa, tafiyar da ta ƙunshi kwana a gado ta cancanci ƙarin kuɗin, ko a Yamai gadon yake ko a zangon tsakiya.